Likkafanin da Ya Riga Mutuwa

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Alhamis wani mai yankan ciyawa ya tsinci gawar Malam Salihu a cikin rami, gindin tsohuwar ganuwa, kaɗan da fita Ƙofar Marusa a birnin Katsina. Tsakiyar damina ce ta shekarar 2000, ciyawa ta kai ƙugu, shi ya sa duk masu wucewa tun sassafe babu wanda ya lura. Keken ya fara gani, ƙafar baya ta lanƙwashe, sannan ya ga mai keken. Ya yar da lauje ya zuba a guje yana salati.

Goma saura Sufeto Zubair ya iso a kan babur ɗinsa. Mutum ne da bai iya gaggawa ba, abokan aikinsa har tsokanarsa suke, wai ko gobara ake yi sai ya gama ɗaure igiyar takalmi. Ya kori 'yan kallo baya, ya tsuguna. Mota ce ta bugi keken ta baya, kuma babu alamar an taka birki. Ga fasassun gilashin fitila a bakin kwalta. Ga sawun takalmi ƙarami mai santsin ƙasa, irin na manyan mutane, ya gangara cikin laka har kusa da inda mutumin ya faɗi, ya juyo. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne hannun mamacin, damƙe yake da ciyawa, kuma ya ja jiki ya kai taku uku kafin ya cika.

Ya san fuskar sarai. Shekara shida baya, zamanin soja, Zubair yana ƙaramin ɗan sanda, shi aka sa gadin wasu malaman makaranta biyu da aka kulle kwana arba'in don sun rubuta takarda suna tambayar inda kujerun ɗalibansu suka shiga. Ɗaya wannan Salihun ne, dogo ƙwarai, marar yawan magana. Ɗayan Abbas, wanda kowa ke kira Babaji, gajere mai baki kamar rediyo. Babaji ne ke raba wa sauran 'yan sel abincinsa, shi ne kuma ke leƙowa ta taga yana ce wa Zubair, "Ɗan sanda, rana na nan zuwa da talaka zai tambayi shugaba, shugaba ya amsa." Zubair ya ƙaunaci mutumin nan, ba ɓoyo. Da soja suka koma bariki aka zaɓi Babaji ciyaman na wata ƙaramar hukuma a wajen birni, sai da Zubair ya yi murna kamar ɗan'uwansa aka zaɓa. Yanzu Alhaji Babaji a GRA yake zaune, ƙauye sai ranar aiki.

A aljihun mamacin akwai takarda a naɗe cikin leda. Ƙorafi ne zuwa majalisar jiha: an yanka filin wasan wata firamare fuloti-fuloti an raba wa 'yan siyasa, da sa hannun ciyaman, ta hannun wani dillalin filaye mai suna Ɗan'asabe. Zubair ya karanta sau biyu, ya sa a aljihu. Ya tura gawar asibiti, shi kuma ya nufi gidan mamacin a unguwar Ƙofar Marusa.

Goma da rabi ya tarar ƙofar gida ta cika. A zaure Alhaji Babaji ne zaune a kan tabarma, hula a hannu, yana kuka da hawaye na gaske. Mutane sai yaba masa suke. Ka ga amana, ko rabin awa ba a yi da jin labari ba har likkafani ya iso daga gidansa. Babaji ya ɗago ya ga Zubair, ya gane shi.

"Sufeto, ka ga abin da aka yi mini? Ku nemo shi. Ko wane ne, ku nemo shi."

"In sha Allahu, ranka ya daɗe."

Matar mamacin, Baraka, ta bayan labule ta yi magana da shi, muryarta a dushe amma ba ta rawa. Ta ce Malam ya dawo daga masallaci, ya sha koko, ya ɗauki keke zai leƙa gona daidai lokacin da rediyo ke fara labarun ƙarfe shida. Daga gona ya yi niyyar wucewa majalisa da takardarsa.

"Wa ya san yau zai kai ta?"

"Wa bai sani ba? Malam ba ya ɓoye abu. Ɗan'asabe ya zo nan shekaranjiya, ya tsaya a ƙofar gida yana cewa mai dogon wuya ya yi hankali da hanya."

"Tsakaninsa da ciyaman fa?"

"Tun suna kulle suka yi alƙawari, duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai yi masa sutura. Kowa ya san wannan. Abin da ba a sani ba, da azumin bana Malam ya sayo alawayyonsa da kansa, ya sa a akwati, ya ce mini ya sauke wa Babaji alƙawarinsa. Nasa za a sa masa. Wancan na ce Baba Mati ya ajiye a gefe, kada a kunyata kowa."

Baba Mati shi ne mai wankan gawa na unguwar, tsoho mai mita, wanda ko liman ba ya tsira daga bakinsa. Zubair ya same shi a soro na biyu yana juya likkafanin ciyaman yana tsaki.

"Zamani! Ni ban ga gawa ba, ban yanki karan awo ba, wai har sutura ta zo. Duba nan, an wanke sitacin, ta bushe, an ɗinka, an turara. Aikin Talle ne na unguwar Gobarau, na san hannunsa. Kuma an ƙara tsawo daidai Malam. Mu dai a iya saninmu kara ke fara zuwa, sannan almakashi."

Zubair ya ji maganar, ya ajiye ta a gefe guda. A lokacin hankalinsa na kan Ɗan'asabe.

Kafin a ba da gawa don jana'izar la'asar, likita ya kira shi gefe. Ya ce bugun bai kashe Malam Salihu nan take ba. Ƙugu ne ya karye, jini ya yi ta zuba ta ciki a hankali. A ƙiyasinsa mutumin ya kai wajen ƙarfe takwas da rai.

"Da an kawo shi fa?"

"Da an kawo shi kafin bakwai, da yanzu yana gado yana yi mana faɗa."

Daga ramin zuwa asibitin ko minti goma ba a yi a mota.

Ɗan'asabe bai ba da wahala ba. Zubair ya same shi a rumfarsa yana cin gyaɗa.

"Ka ce ya yi hankali da hanya."

"Na faɗa. Baki ne, Sufeto. Da duk wanda na zaga mutuwa yake, da Katsina ta zama kufai."

"Ina kake yau da ƙarfe shida?"

"A caji ofis na kasuwa, a bayan kanta. Tun jiya da yamma wani da na sayar wa fili ya sa aka kulle ni, sai takwas aka yi belina. Je ka tambaya."

Ya je ya tambaya. Gaskiya ne, karo na farko ke nan da Zubair ya kama Ɗan'asabe da gaskiya. Saura masu tifa da ke ɗibar yashi ta wannan hanya da sassafe. Su ma wani tsohon bakanike ya wanke su, don yana ganin gilashin ya ce na fitilar dama ce ta Fijo, kuma sabuwa.

Ranar Juma'a da hantsi Fijo ta kawo kanta. Fara ce, mai lambar gwamnati, fitilar dama a fashe. Wani lauya mai ƙamshin turare ya fito daga baya, direba ya fito daga gaba. Direban Audu ne, direban ciyaman, saurayin magidanci da bai wuce talatin ba, ƙato, da silifas a ƙafa. Lauya ya ce yaron ne ya ɗauki mota jiya da asuba zai sha mai, ya bugi wani abu, tsoro ya hana shi tsayawa. Da ciyaman ya ji, shi da kansa ya ce a kawo shi, don doka ba ta san na gida ba.

Oga, shugaban caji ofis ɗin, har wani haske fuskarsa ta yi. Ya ce da Zubair, "Shi ke nan, Allah ya hutar da mu. Haɗari ne. Ka ɗauki bayaninsa, Litinin a kai shi kotu."

Zubair ya shiga da Audu ɗakin tambaya, ya rufe ƙofa.

"Ƙarfe nawa ka buge shi?"

"Wajen shida da 'yan mintuna."

"Ka taka birki?"

"Na taka, Yallaɓai."

"Ka sauka ka duba shi?"

"A'a. Ban tsaya ba sam."

"Wane gidan mai ne a bayan Ƙofar Marusa da babu irinsa tsakanin GRA da cikin gari?"

Audu ya dubi ƙasa. "Ni dai ni ne, Yallaɓai. A rubuta ni ne."

Zubair ya dubi ƙafafun nan kamar faranti, ya tuna ɗan sawun da ya gani a laka. Wanda ya bugi Malam bai taka birki ba, kuma ya sauka. Wannan ya ce ya taka, bai sauka ba. Ko rantsuwa aka ce Zubair ya yi, zai rantse Audu bai je wurin ba. Amma mutum ya amsa laifi da bakinsa, ga mota, ga lauya, ga Oga yana murna. In Litinin ta yi a haka, Audu ya tafi gidan yari ke nan a kan ran da bai ɗauka ba.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a sai ga wata mata a bakin kanta, da jariri a goye, wata tsohuwa na bin ta tana cewa ta rufa wa kanta asiri ta koma gida. Rakiya ce, matar Audu. Kwananta takwas da haihuwa, ko wankan jego ba ta yi nisa da shi ba, ta fito titi. Duk wanda ya ga haka ya san abin ya kai inda ya kai.

"Yallaɓai, ƙarya yake yi! Wallahi ƙarya yake yi! Jiya ne fa sunan yaron nan. Tun sallar asuba Audu na ƙofar gida, shi ya shimfiɗa tabarmi, shi ya raba goro, shi ya riƙe rago. Ku tambayi duk Gobarau. Motar ma a gidan Alhaji take kwana, hutun kwana biyu ya ba shi."

"Alhajin ya zo sunan?"

"Ya zo, a makare, bakwai ta wuce, a motar Hajiyarsa. An yi ta jiransa, tunda shi aka yi wa takwara." Ta juyo da goyon. "Abbas sunansa. Sunan mutumin da zai kai ubansa kurkuku."

Zubair ya hau babur ya nufi Gobarau. Liman da maƙwabta biyar suka faɗi abin da Rakiya ta faɗa, ba su saɓa ba. To, Audu ya fita. Amma fitar Audu ba ta sa kowa a bayan sitiyari ba, gidan ciyaman cike yake da 'yan koren da za a iya cewa su ne. Yana tsaye a gindin tsohuwar hasumiyar Gobarau yana wannan tunani, sai ya hango farin yadi a shanye a kan igiya, a ƙofar wani ɗan shago. Mitar Baba Mati ta dawo masa tiryan-tiryan. An wanke, ta bushe, an ɗinka, an turara. A cikin rabin awa? Da damina?

Malam Talle tela ne da ya bar ɗinkin masu rai tun da daɗewa. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa, aka tambayi aiki, sannan Zubair ya zauna a kan benci.

"Malam, in aka kawo maka aiki yanzu, yaushe za a karɓa?"

"In da rana, awa ukku. Ni ba na ɗinka alawayyo da sitacinsa, ba a kai bawan Allah kabari da ƙazantar kanti. Sai na wanke, na shanya, sannan in ɗinka da hannu. Mai gaggawa ya tafi wajen masu keken ɗinki."

"Na gidan ciyaman na jiya fa?"

"Wannan ai tun da aka zaɓe shi ni ke yi masa. Duk inda aka yi rashi a ƙasarsa sai ya aika da sutura, siyasa ke nan. Kullum Audu ke zuwa. Jiya kuwa shi da kansa ya zo, a ƙasa, ya bar mota can bakin titi. Na yi mamaki."

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai saura kwata. Ina buɗe shago ke nan, ban ko share ƙofa ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce namiji ne, dogo ne ƙwarai, in ƙara kamu guda. Na ce ina karan awo? Ya ce babu buƙata, ya san tsawonsa, sun kwana arba'in a tabarma ɗaya. Takalminsa duk laka, sai da na goge dandamalina bayan ya tafi. Goma saura aka zo aka karɓa." Talle ya dakata, allura a hannu. Ya dubi Zubair, fuskarsa ta sauya. "Sufeto, ƙarfe nawa aka ce an tsinci Malam Salihu?"

"Tara da rabi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Za ka faɗi haka a gaban alƙali? Ka san wanda za ka faɗa a kansa."

"Shekara talatin ina auna mutane, Sufeto. Ban ga wanda ya fi ƙarfin yadi ba tukuna. Rubuta."

Ranar Asabar da safe Zubair ya koma wa Audu. Bai yi masa tsawa ba. Ya ajiye takardar ƙorafin a gabansa, ya ce da wannan takarda magana ta tashi daga haɗari ta koma kisan kai, kuma hukuncin kisan kai ba wata uku ba ne. Audu ya ɗago a firgice.

"Wa ya ce maka wata uku?" in ji shi.

"Kai ka faɗa yanzu. Haka ya ce maka?"

Ƙaton nan ya kifa kai a tebur ya fashe da kuka. "Shi ya yi mini aure, Yallaɓai. Shi ya ba ni ɗaki. Bayan an watse daga suna ya kira ni, ya ce tsautsayi ya same shi, in shi aka kama jam'iyya ta kunyata, in ni ne wata uku zan yi ya fito da ni. Ya ce ɗana ɗansa ne. Yaya zan ce masa a'a?"

"Ka ce masa a'a a takarda. Ga biro."

Ƙa'ida ce fayil ɗin kisan kai hedikwata ake kai shi, ba ya kwana a caji ofis. Zubair ya san in ya fara gaya wa Oga, fayil ɗin zai yi ƙafa. Don haka ya shigar da komai a babban littafin ofis da tawada, ya ɗauki fayil da likkafanin da ya karɓo wajen Baba Mati, ya kai hedikwata da hannunsa, ya samo takardar kamu daga majistare, sannan ya dawo ya yi wa Oga bayani. Oga ya riƙe kai.

"Zubair, ka kashe mu. Mutumin nan da gwamnati a bayansa."

"Ai mulkin farar hula ake, Oga. Haka suka ce mana."

"Za ka ga farar hula."

Lahadi bayan la'asar ya shiga gidan GRA da 'yan sanda biyu. Ya bar su a waje. Alhaji Babaji na falo shi kaɗai a kan wata kujera da ta yi masa girma, ya yi ƙiba, wuyan nan ya cika. Ya nuna wa Zubair wurin zama, Zubair ya ƙi. Ya kwance ƙunshin da ya shigo da shi, ya shimfiɗa farin yadin a kan tebur.

"Ka san wannan, ranka ya daɗe?"

"Suturar da na kai wa ɗan'uwana. Ba a sa masa ba?"

"Ba a sa masa ba. Ƙarfe nawa ka ji rasuwarsa?"

"Kamar kowa. Wajen goma saura."

"Talle ya ce bakwai saura kwata ka je shagonsa da kanka, da laka a takalmi, ka ce a ƙara kamu guda. A lokacin duk Katsina mutum ɗaya ne ya san Malam Salihu na cikin ramin nan, wanda ya jefa shi. Audu na Gobarau yana riƙe da ragon sunan takwaranka, mutum shida sun shaida, shi ma ya janye maganarsa. Motar a gidanka ta kwana. Wanda ya tuƙa ta bai taka birki ba, amma ya sauka ya leƙa, kuma ƙafarsa ƙarama ce. Takardar da Malam zai kai majalisa ran nan sunanka ne a ciki."

Babaji ya yi murmushin da ya saba yi a kan dandamali. "Sufeto, ka san da wa kake magana? Waya ɗaya zan buga, gobe ka tsinci kanka a bakin iyaka kana ƙirga raƙuma."

"Na sani. Amma fayil ɗin ya riga ya wuce inda wayar za ta tsayar da shi yau."

Murmushin ya tafi. Da Babaji ya sake magana, muryar ta koma irin ta mutumin da Zubair ya sani ta tagar sel.

"Roƙonsa na je yi. Ni kaɗai, don kada yarana su ga ciyaman yana roƙo. Na tare shi a hanya, na ce Salihu, ka bar takardar nan, kujerar kansila, shugabancin makarantu, duk abin da kake so. Ka san abin da ya ce? Ya ce, 'Babaji, da kai muka rubuta irinta.' Ya hau kekensa ya juya mini baya. Ni! Mutum dubu na tashi tsaye in na shigo wuri. Ban san lokacin da ƙafata ta danna totur ba." Ya share fuska. "Na sauka na duba, ba ya motsi. Na ce shi ke nan, ya tafi. Abin da ya rage in yi masa shi ne alƙawarin da na ɗauka. Ko ba komai na cika wannan."

Har ga Allah Zubair ya so a ce ba shi ba ne.

"Ka taɓa shi? Ka sa kunne a ƙirjinsa?"

"Na ce maka ba ya motsi."

"Suma ya yi. Ya farfaɗo, ya ja jiki taku uku yana kama ciyawa. Likita ya ce sai wajen takwas ya cika, kuma da an kai shi asibiti kafin bakwai da ya tashi. Minti goma ne a motarka. Lokacin da kake cewa Talle ya ƙara kamu guda, Malam Salihu na da rai. Lokacin da kake karɓar goron suna ma yana da rai."

Babaji ya dubi teburin. Ya kai hannu zai taɓa yadin, ya janye. Da 'yan sandan suka shigo bai yi gardama ba, sai da ɗayansu ya tuna masa ya sa takalmi.

Ranar Litinin Audu ya fito, Rakiya na jiransa a bakin titi da goyo. Ranar Laraba takardar canjin wurin aiki ta iso, an tura Zubair wani ƙauye a bakin iyaka, kamar yadda aka yi masa alƙawari. Oga ya miƙa masa ita ba tare da ya dube shi ba. Shari'ar kuwa, kada in yi muku ƙarya, tafiyar hawainiya ta yi. Kafin wata biyu an ba da belin Alhaji Babaji a kan rashin lafiya, an ɗage zama ya fi sau bakwai, manyan lauyoyi suka yi ta zuwa daga Kaduna. Amma kujerar ta kuɓuce masa, filin makarantar ya koma hannun yara, kuma duk zaman da aka yi Malam Talle na benci na gaba da hularsa, yana jiran a kira shi ya maimaita bakwai saura kwata.

Kafin ya tafi, Zubair ya biya Ƙofar Marusa ya yi wa Baraka sallama. Tana cikin takaba, ta bayan labulen nan dai suka yi magana. Ya gaya mata yadda aka yi, bai rage komai ba, har da taku ukun.

"Likkafanin yana kotu a matsayin shaida," in ji shi. "In an gama, doka ta ce a mayar wa mai shi. Gidan nan aka kawo wa, don haka naku ne. Me za a yi da shi?"

"Ba namu ba ne. Malam ya tafi da nasa," in ji Baraka. "Ku mayar wa Babaji abinsa, zai buƙace shi wata rana. Sai dai ku biya wajen Talle ya rage kamu gudan nan. Shi ba dogo ba ne."